Dahab Ta Haihu a Ɗakin Yara

Tun da hantsi aka ɗauke wuta a unguwar, zafi ya sauko wa Omdurman kamar an kife mata tukunya. Mawahib ta kwashe yaran zuwa ƙarƙashin rakuba, rumfar tabarmi da ke tsakar gida, ta zaunar da su kewaye da farantan ful, wato dafaffen wake, da burodi. Gidan na gado ne, ita da ƙaninta Tahir da mahaifiyarsu Hajja Sittana. Tun rasuwar mijinta Mawahib ta mai da ɓangaren gaba rauda, wato gidan renon yara, matan unguwa masu fita aiki su ajiye mata 'ya'yansu da safe, su ɗauka da la'asar. Da wannan take riƙe gidan.

Yarinya ɗaya ce ba ta cikin masu cin abincin. Iman, 'yar Sulafa, mai shekara biyu da 'yan watanni, ta zo da ɗan zazzaɓi, ta yi ta rigima har barci ya sace ta a kafaɗar Mawahib. Sai ta kai ta ɗakin barcin yara, wanda ya fi ko'ina sanyi saboda kaurin bangonsa, ta kwantar da ita a katifa, ta ja ƙofa.

A bayan gidan kuwa, bayan wata ƙofar ƙarfe da ba a barinta buɗe, akwai abin da iyayen yaran ba su sani ba. Tahir gyaran waya yake yi a teburin wani a Suk al-Arabi, can Khartoum a tsallaken kogi, amma hankalinsa ba a kan waya yake ba. Bara waccan ya shigo gida da 'yar kyanwa a kwali, yana rawar jiki kamar wanda ya tsinci zinariya, har ma ya sa mata suna Dahab, wato zinariya. Ubanta muzurun daji ne, irin mai dogayen ƙafafu da faffaɗan kunnuwa, uwarta kuma kyanwar gida. Masu harkar suna kiran irinta Safana. Kafin shekara ta zagayo ta kai gwiwar babban mutum a tsaye, jikinta ɗige-ɗige kamar na damisa. Mawahib ta taɓa ganinta ta daka tsalle daga zaune ta cafke tattabara a sama. Tahir kaɗai take yarda ya taɓa ta, shi ma hannayensa duk zane ne.

Sun yi faɗa a kanta ba sau ɗaya ba.

"Ko yarana ko ita," in ji Mawahib.

"Yaya, ki yi haƙuri ta haihu sau ɗaya tak. In sayar da 'ya'yan in kama shago nawa na kaina, ita kuma in nema mata wani wuri. Kejin ƙarfe ne fa, ko zaki ba zai fasa shi ba."

Shi kaɗai ne ɗan'uwanta, kuma ta ga yadda zaman teburin wani yake cin ransa. Sai ta ƙyale shi. In Dahab ta yi ɗan kukan nan nata mai kama da na tsuntsu, iyayen yara su ce ashe Tahir kiwon tsuntsaye yake yi, Mawahib sai ta yi murmushi ta kawo wani zancen.

Ran nan Tahir ya fita da sassafe, don ana raɗe-raɗin za a yi zanga-zanga a rufe gadoji. Dahab na da tsohon ciki, kwana biyu ke nan tana kai da kawo a kejin ba ta cin abinci sosai.

Da yaran suka ci rabin abinci, Mawahib ta ɗebi ruwa a randa ta nufi ɗakin barci don ta duba jikin Iman. Tun daga bakin ƙofa ta ji muryar yarinyar tana 'yan surutanta.

"Kadisa. Kadisa ƙarama."

Kadisa, wato kyanwa. Mawahib ta tura ƙofar a hankali. Ƙarni ne ya fara dukan hancinta, ƙarnin jini da warin dabba. Ɗakin da duhu, sai hasken da ke zubowa ta tagar sama, kuma ragar tagar a yage take, tana lilo. Da idonta ya saba da duhun, sai ta ga abin da ke ciki.

A kusurwa, tsakanin bango da tarin katifu, Dahab ce kwance a kan zannuwan yara, cikinta na ɗagawa yana sauka. Wani ɗan abu baƙi-baƙi na motsi a jikin nononta. Iman kuwa tana zaune a gabanta, ta baje ƙafafu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce miƙa hannu ba. Ta riƙe wani jaririn kyanwa jiƙe sharkaf da hannu biyu, ta tsakiyar cikinsa, tana jijjiga shi yadda ake yi wa 'yar tsana.

Dahab ta ɗago kai. Kunnuwanta suka kwanta baya, ta buɗe baki ta yi wani huci irin na gamsheƙa. Ba yarinyar take kallo ba, Mawahib take kallo.

Mawahib ta ja baya taku ɗaya. Hucin ya tsaya. Ta sake ja, har ta fita, ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Sai a lokacin ta lura ruwan kofin ya ƙare a kan ƙafarta.

Hajja Sittana na zaune a gadon igiya tana jan carbi. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar 'yarta ta ajiye carbin.

"Mene ne?"

"Inna, Dahab ta fito. Tana ɗakin barci, ta haihu. Iman na ciki, ta ɗauki ɗa guda."

Tsohuwar ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓɓanta kawai suka motsa. Ta miƙe ta gyara tob ɗinta, dogon mayafin da take naɗe jiki da shi, ta dubi yaran da ke wasa da burodi.

"Ku taso, 'yan jikokina. Mu je gidan Asma mu ga 'yan awaki. Kowa ya riƙe rigar ɗan'uwansa. Wanda ya yi shiru har can zan ba shi alewa."

Ta jera su ta fita da su zuwa gidan da ke tsallaken lungu. Mawahib ta zaro waya ta kira Tahir. Ya ɗauka cikin hayaniya, ana ta hon da ihu a bayansa.

Ta gaya masa a taƙaice. Sai ta zaci layin ya yanke.

"Tahir!"

"Ina jinki, Yaya. La haula. Sun toshe kubri, gadar nan, da kwantena, ba mota ba raksha mai ƙafa uku, ko da ƙafa ba a bari a haye. Ki saurare ni. Kada ki kalle ta cikin ido. Kada ki tsaya a kanta, ki zauna ƙasa. Kada kowa ya shiga da sanda, kada namijin da ba ta sani ba ya shiga. Kuma kar yarinyar ta yi gudu, Yaya, duk abin da ya yi gudu binsa take yi. Akwai kaza a firji, ki jefa mata can gefe, wataƙila…"

Layin ya mutu. Ta sake kira, ta sake, babu sabis. An yanke shi gaba ɗaya, yadda aka saba yi a irin waɗannan ranaku.

Ta ɗauko cinyar kaza daga firjin da ya riga ya huce, ta koma bakin ƙofa, ta durƙusa, ta jefa ta kusurwar da ke nesa da Iman. Dahab ko juyawa ba ta yi ba. Iman ce ta juya.

"Halti! Ga kadisa!" Haka yaran ke kiran Mawahib, wato gwaggo. Ta ɗaga jaririn sama don ta nuna mata. Ya yi wani siririn kuka. Dahab ta yunƙura za ta tashi, gurnani na fita daga ƙirjinta, sai kuma jikinta ya ƙage, ta koma ta kwanta tana nishi.

Mawahib ta ji hannu a kafaɗarta. Hajja Sittana ce ta dawo, ta leƙa ta saman kanta. Tsohuwar ta karɓi haihuwar mata da awaki ba adadi a rayuwarta.

"Naƙuda take yi, akwai saura a cikin," ta raɗa mata. "Shi ya hana ta tashi. Da zarar ta sauke na ƙarshe ta lashe shi, za ta nemi wanda ke hannun yarinyar. Abin da za ki yi, yi shi yanzu."

Mawahib ta cire takalmi, ta cire awarwaronta masu ƙara ta miƙa wa uwarta. Ta shiga da jan gindi, gefen jikinta ga Dahab, idonta a kan ƙasa. Simintin na da sanyi amma zufa na bin bayanta. Duk matsawar da ta yi sai hucin ya tashi, sai ta tsaya, ta jira ya lafa, ta ƙara matsawa. Da ta kai tsakiyar ɗakin hucin ya ƙi lafawa. Ta gane nan ce iyakarta. Ko ta miƙa hannu ba za ta kai ga Iman ba.

"Iman, habibti," ta ce da muryar da take rarrashinsu barci. "Ajiye kadisa. Mamanta na son ta ba ta nono."

"Tawa ce."

"Taki ce, ƙwarai. Ajiye ta ta sha nono, sai ki sake ɗauka."

"A'a. Tawa ce." Ta ƙanƙame shi a ƙirji. Jaririn ya sake tsiwa. Jelar Dahab ta fara dukan ƙasa.

Mawahib ta san yarinyar sarai. In aka matsa mata sai ta ƙara riƙewa, in aka ɗaga mata murya sai ta fasa ihu ta yi jifa da abin da ke hannunta. Ta yi mata tayin alewa, ta ce a'a. Ta ce za su je ganin awaki, ta ce a'a. Daga waje kuma ta fara jin abin da take tsoro, muryoyi a lungu, maza da mata, suna ƙaruwa. Yaran sun yi surutu a gidan Asma, ko kuma Asma da kanta. Wani na cewa damisa ce, wani na cewa ta riga ta cinye yaro.

Sai ta tuna da wayar da ke cusa a ƙugunta. Iman ba ta da abin so kamar hoton bidiyon da aka ɗauke su ranar Idi suna rawa, kullum sai ta yi kuka a nuna mata. Mawahib ta lalubo shi, ta rage sauti, ta ajiye wayar a ƙasa ta tura ta da yatsa. Ta zame ta tsaya kusa da ƙafar yarinyar.

"Wa ke rawa a nan? Kai, wace ce wannan mai jan riga?"

Iman ta sunkuya. Hasken wayar ya haska fuskarta.

"Iman ce!"

"Ɗauki ki gani da kyau. Da hannu biyu, kar ta faɗi."

Yarinyar ta dubi wayar, ta dubi kyanwar. A kusurwa Dahab ta lanƙwashe, ta kai baki ƙarƙashin jelarta, ta fara lasar wani sabon abu mai sheƙi. Na ƙarshen ya fito.

Iman ta saki jaririn, amma ba a ƙasa ba. A cinyarta ta ajiye shi, cikin rigarta, ta ɗauki wayar tana dariya.

"Yauwa. To zo ki nuna wa Halti. A hankali. Ture kadisa ƙasa tukuna, a hankali, kamar yadda muke ajiye ƙwai."

Yarinyar ta sa hannu ɗaya ta fara ture shi daga cinyarta. Ya kusa kaiwa ƙasa.

A daidai nan aka banko ƙofar gida. Sulafa ce. A kantin magani take aiki a kasuwar Omdurman, an rufe da wuri saboda hayaƙi mai sa hawaye ya cika titi, ta taho ɗaukar 'yarta sai ta tarar da cincirindo a lungu ana faɗin damisa. Hajja Sittana ta tare ta a tsakar gida da hannu biyu, amma ina, ƙarfin uwa ya fi na tsohuwa. Ta kai bakin ƙofar ɗakin, ta ga dabbar, ta ga jini a zannuwa, ta ga jini a rigar 'yarta.

"Iman!"

Yarinyar ta zabura ta miƙe da gudu. Jaririn ya faɗo daga rigarta, ƙafarta ta taka masa jela, ya tsala ƙara.

Mawahib ba ta ga tashin Dahab ba. Ta dai san ta wurga kanta gaba, ta cafki Iman ta kifa a kanta, ta ɗaga hannun dama ta kare wuyanta. Wani nauyi ya faɗo mata a baya. Farata suka ratsa tob ɗin suka shiga kafaɗarta, haƙora suka nutse a damtsen hannunta ƙasa da gwiwa, ta ji su har ƙashi. Ba ta yi ihu ba, don bakinta na cikin gashin Iman. Ta danne yarinyar da dukan jikinta ta ƙi motsi. Ta ji zafin numfashin dabbar a kunnenta, da gurnanin da ke ratsa ƙashin bayanta.

Jaririn ya sake kuka a gefe. Haƙoran suka saki. Nauyin ya sauka. Ta wutsiyar ido ta ga Dahab ta ɗauki ɗanta ta ƙeya, ta koma kusurwa da shi tana tangaɗi, jini na bin ƙafafunta na baya.

"Ja baya, ja baya, kada ki miƙe," muryar Hajja Sittana ke nan daga ƙofa, ta riƙe Sulafa ta ƙugu.

Mawahib ta ja jiki da baya, Iman a ƙarƙashinta tana tsala kuka, har ta ji dokin ƙofa ya taɓa ƙafarta. Hannaye suka fizge su waje. Tsohuwar ta ja ƙofar ta zura sakata.

Sulafa ta tuɓe 'yarta tsirara a tsakar gida, tana juya ta, tana duba wuya, ciki, bayan kunne, tsakanin yatsu. Ko ƙwarzane babu. Jinin da ke rigar na haihuwar ne, sai kuma na Mawahib. Sulafa ta rungume 'yarta ta zube ƙasa tana kuka ba sauti.

Mutane sun cika gidan. A gabansu akwai Hamuda, mijin Sulafa, mai walda ne a bakin titi, ya taho a guje da guntun rodi a hannu, tabaran aikinsa na rataye a wuya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi hannun Mawahib da wasu mata ke ɗaure wa da ɗankwali, ya nufi ɗakin.

"A buɗe. Yau sai na fasa kanta."

Hajja Sittana ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a jikin ƙofar.

"Hamuda, ɗana, ajiye ƙarfen."

"Hajja, ki yi mini gafara, ki tashi. 'Yata ta kusa kashewa."

"'Yarka ta zauna a gabanta tana wasa da ɗanta, ba ta taɓa ta ba sai da aka taka shi. Maijego ce. Ban taɓa bari an ɗaga wa maijego hannu a gidan nan ba, ba kuma yau zan fara ba. Sannan in ka buɗe ka kuskure ta, ta fito cikin mutanen nan, wa za ka kama?"

Wasu suka ce gaskiya ne, wasu suka ce a zuba mata guba ta taga. Ana cikin haka Sulafa ta miƙe, Iman a kafaɗarta. Ba ta dubi kowa ba sai Mawahib.

"Yaya Mawahib, daga ina abin nan ya fito?"

Mawahib na jingine da randa, jiri na ɗibarta. Tana iya cewa daga waje ta faɗo. Ba wanda zai ƙaryata ta a take.

"Daga bayan gida. Ta Tahir ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki fara kawo Iman."

"Kuma kullum ina miƙo miki ita a bakin ƙofar nan, kina karɓa kina murmushi."

Mawahib ta sunkuyar da kai. Sulafa ta juya ga mijinta.

"Ka ji? A bayan katangar nan take, duk tsawon lokacin nan."

Rodin ya ɗan sauka a hannun Hamuda. Wani dattijo daga baya, ba da wata manufa ba, ya ce, "Ai Hamuda ya san kejin, shi ya yi masa walda. Ni na taya su shigo da ƙarafan."

Sulafa ta daɗe tana kallon mijinta.

"Ya ce mini kyanwa ce mai tsada," in ji Hamuda, muryarsa ta sauka. "Ƙarama ce lokacin. Na gaya masa saman na buƙatar raga mai kauri, ya ce sai an kwana biyu."

Sulafa ta gyara 'yarta a kafaɗa, ta ratsa mutane ta fita, ba ta ɗauki ko jakar yarinyar ba. Hamuda ya tsaya riƙe da ƙarfen kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba. Can ya jingina shi da bango, ya ce a kawo tsani. Shi ya hau ya toshe tagar saman da allon ƙarfe don kada dabbar ta fita ta nan, ya sauko bai yi wa kowa sallama ba.

An kai Mawahib wani ƙaramin asibiti a raksha, ta lunguna, don manyan tituna duk duwatsu ne da tayoyi masu cin wuta. Aka daɗe ana wanke ciwon da sabulu da ruwa tana cije bakin tob, aka yi mata allurai, aka ce ta riƙa dawowa don sauran, tunda dabbar na da jinin daji. Likitar ta ce ta motsa yatsunta. Biyu na ƙarshe suka ƙi.

Tahir bai iso ba sai bayan magariba, da aka buɗe gada ɗaya ga masu ƙafa. Ya shigo buɗu-buɗu da ƙura, idanunsa jajur don hayaƙi. Ya tarar da yayarsa kwance a gadon igiya, hannu naɗe da bandeji, uwarsu na yi mata fifita.

"Yarinyar?" ya tambaya daga tsaye.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Hajja Sittana.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya durƙusa a gefen gadon. Ya kai hannu zai taɓa bandejin, ya fasa. Idonsa ya zame zuwa ƙofar ɗakin barci, ya dawo, ya sake zamewa. Mawahib na kallonsa.

"Tambayi abin da kake son tambaya," ta ce.

"Yaya, wallahi ba…"

"Uku ne. Wanda aka taka ma yana raye, Inna ta ji kukansa. Je ka ba ta ruwa, tun safe ba ta sha ba."

Ya kifa kansa a bakin gadon ya fashe da kuka, irin wanda ba ta ji daga gare shi ba tun ranar jana'izar mahaifinsu. Ba ta rarrashe shi ba. Da ya yi shiru ta ce, "Ba za ta koma kejin nan ba. Kuma ba za ka sayar wa mai yara a gida ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka rantse mini."

Ya rantse.

Dahab ta ci gaba da zama a ɗakin barcin har 'ya'yan suka buɗe ido, don babu yadda za a ɗauke ta kafin nan, kuma babu yaran da za su kwanta a ciki. Washegarin ranar ba wadda ta kawo ɗanta. Kwamitin unguwa ya zo ya zauna da Hajja Sittana, aka ba Tahir wa'adi. Ya samo wani mutum mai gona a kudancin gari, mai faffaɗan fili da katanga mai tsawo da wasu dabbobin daji, ya kai masa uwar da 'ya'yan a bayan a-kori-kura, lulluɓe da buhu. Abin da ya samu bai kai ga shagon ba. Ya koma teburinsa na Suk al-Arabi. Ran Juma'a yakan hau mota ya je gonar, ya dubo ta ya dawo.

Bayan wata biyu mata uku suka dawo da 'ya'yansu, waɗanda ba su da inda za su kai su. Kowace sai da Mawahib ta zagaya da ita bayan gida ta ga kejin wayam da idonta. Iman ba ta dawo ba. Sulafa ta koma kai ta wurin kakarta, kuma an ce ta daɗe ba ta yi wa Hamuda magana ba sai ta dole. In ta hango Mawahib a lungu sai ta canza hanya.

Wata safiya suka haɗu a layin gidan burodi, inda ba hanyar canzawa. Mawahib na gaba. Da aka zo kanta ta karɓi manyan ledoji biyu, na gida da na yara, ta yi ƙoƙarin ɗaukar ɗaya da hannun dama. Yatsun suka saki, burodi ya zube a kan tebur, biyu suka gangara ƙasa. Ta sunkuya tana tattarawa da hannu ɗaya, masu layi na tsaki.

Wani hannu ya ɗauke ledar daga gabanta. Sulafa ce, ta ƙulle bakin ledar da ƙarfi, ta haɗa da tata.

"Mu je," ta ce, ba ta dube ta ba.

Suka taho tare, Sulafa na gaba da sauri, Mawahib na binta. Sai da suka kai ƙofar gidan Mawahib sannan Sulafa ta ajiye ledar a kan dakali.

"Kada ki zaci na huce, Yaya Mawahib. Ban huce ba."

"Na sani."

"Likita ya ce yatsun za su dawo?"

"Ya ce wataƙila ɗaya."

Sulafa ta dubi hannun a karon farko, ta dubi tabon da ya leƙo daga bakin riga. Ta gyara mayafinta.

"Akwai wani man shafawa a kantinmu, yana sassauta jijiya. Zan aiko miki da shi."

Ta juya ta tafi, don ta makara aiki.